Sunan Carmosina a Kan Gada

Shekara ashirin da uku ke nan ina raba kofi a majalisar dokokin jiharmu. Na san mai son sukari cokali uku, na san wanda likita ya hana amma yake ƙifta min ido. A gidan nan duk wanda ya ɗaura taye a wuya Dakta ne, ko da bai taɓa leƙa ƙofar jami'a ba. Ni kuwa Ivonete ce, amma "Nete, kofi!" kawai nake ji. Ba labarina zan bayar ba. Na Seu Anacleto ne (a wurinmu Seu ake sakaya wa dattijo, Dona kuma ga mace), tsohon da ya fi rabin 'yan majalisar zuwa zama, alhali ba wanda ya zaɓe shi.

Duk ranar Talata yakan hau motar asuba daga ƙauyensu, Barra do Angico, tafiyar awa huɗu. Kafin a buga ƙararrawa ya riga ya hau benen 'yan kallo, ya zauna a gindin ginshiƙi, hular fatarsa a kan gwiwa. Kwat ɗinsa guda ɗaya ce, ta koɗe a kafaɗu. A cikin jakarsa akwai garin rogo da mazarƙwaila da ɗan busasshen nama. Sau da yawa shi kaɗai ne a benen nan mai kujera ɗari biyu.

Kofin majalisa ba na 'yan kallo ba ne. Amma wata rana na ɗaga kai na gan shi yana gyangyaɗi, sai na hau da ƙaramin kofi ɗaya.

"Baba, kai kuwa wa ka yi wa laifi aka yanke maka hukuncin sauraron waɗannan?"

"Matata nake jira, 'yata."

"A nan take aiki?"

"Ta rasu. Sunanta nake jira."

A hankali na tsinci labarin, Talata bayan Talata. Shekara arba'in da ɗaya yana tuƙa kwalekwale a kogin ƙauyensu. Matarsa, Dona Carmosina, ungozoma ce. Ko ruwa ya cika ya batse, in aka ƙwala kira daga wancan ƙetaren, ita ce a gaba da ƙunshin tsummanta, shi a baya da filafili. Rabin mutanen yankin a hannunta suka faɗo duniya, amma su Allah bai ba su haihuwa ba. Shekara guda bayan rasuwarta gwamnati ta gina gada a daidai mashigin. Kwalekwale ya zama wurin kwanan kaji, shi kuma ya zauna a gida ba mata ba sana'a.

Gadar ba ta da suna. A wurinmu ba a sa wa aikin gwamnati sunan mai rai, na mamaci ma sai majalisa ta yi doka. Sai Seu Anacleto ya bi gida-gida, duk wanda Carmosina ta yanke wa cibiya ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Wani ɗan majalisa, Dakta Aristeu, ya karɓi takardar lokacin yawon neman ƙuri'a, har da rungumar tsoho a gaban masu ɗaukar hoto. Ƙudirin ya samu lamba 412, daga nan ya shiga kwamiti ya miƙe ƙafa.

Yau a ce takardar shaidar mutuwa ba ta da hatimi, gobe a ce shugaban kwamiti ya yi tafiya. Ana ta gafara sa, ba mu ga ƙaho ba. A ƙauye suka laƙaba masa "Ɗan Majalisa", in ya sauko daga mota su ce, "Ranka ya daɗe, yau wace doka kuka yi mana?" Yakan yi dariya. Ni ce ban ga abin dariya ba, don na san gida zai koma ya dafa wake na mutum ɗaya, ya ci a tsaye.

Na taɓa ce masa ya huta, in an yi dokar zan kira shi. Ya girgiza kai.

"Ba ta taɓa zuwa birnin nan ba, Nete. So nake in ji shugaban majalisa ya faɗi sunanta ta lasifikar can, su miƙe tsaye kamar yadda suka yi wa tsohon gwamna da ya mutu. In ji da kunnena."

Kunnen ma ɗaya ne ke aiki. Ya kamata a ranar in yi masa bayanin yadda ake yi, amma abin da ka saba gani kullum ba ka tuna cewa wani bai san shi ba.

A zaɓen Oktoban da ya wuce Dakta Aristeu ya sha ƙasa. Ƙa'idar gidan kuwa ita ce, duk ƙudirin da ba a zartar ba kafin wa'adin majalisa ya ƙare, sai a ɗaure shi a kai ɗakin ajiya. Wanda zai ciro shi ya faɗi zaɓe. Ke nan in zaman ƙarshe na Disamba ya wuce, shekara huɗun tsoho ta bi ruwa.

Na sami Dakta Hermes, magatakardan da ke tsara jerin ayyukan zama, wanda likita ya hana sukari, na dire masa kofi ba sukari.

Ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Nete, me na yi miki?"

"Lamba 412."

"Haba, Dona Ivonete, ga kasafin kuɗi a gabanmu, ke kina maganar gadar ƙauye?"

"Dakta, matarka ta san cokali nawa nake zuba maka? Ina da lambarta."

"Ke dai muguwa ce."

"A gidan nan na koya."

Washegari 412 ya fito a jerin.

Ranar zaman ƙarshe Seu Anacleto ya zo da aski sabo, an goge kwat. Bai taɓa abincinsa ba. Awa uku ana ta cacar baki kan kasafi, wannan ya daki tebur, wancan ya fice ya dawo. Zafi ya ishi kowa. Can wajen ƙarfe biyu shugaban majalisa ya duba agogo, ya ce ƙudirorin raɗa suna guda talatin da bakwai za a ɗauke su a dunƙule. Dakta Hermes ya zubo lambobi a guje, ko numfashi bai ja ba. Ina tsaye da tire a bayansa na ji 412 ya wuce.

"Masu amincewa su zauna yadda suke," in ji shugaba, ko kai bai ɗaga ba. "An amince."

Haka muke yin ƙuri'a a kan abin da ba gardama. Wanda bai yarda ba shi ke ɗaga hannu. Rabinsu na latsa waya, ɗaya na barci, ba wanda ya motsa. Aka yi wa juna barka da Kirsimeti, aka watse.

Na hau bene da gudu, zuciyata fari tas. Na tarar da shi ya karkato kunnen nan mai kyau wajen lasifika, yana kallon kujerun da ake ta bari.

"Sun tashi?" ya ce. "Nete, sun tashi ba su yi ba?"

"Sun yi, Baba. An amince. Gada ta zama ta Dona Carmosina."

"Yaushe? Ban ga kowa ya ɗaga hannu ba. Ban ga kowa ya miƙe ba."

"Ai rashin motsin shi ne amincewar."

Ya daɗe yana kallona. Kunya ta kama ni kamar ni na tsara ƙa'idar.

"Shekara huɗu ina kallon su," ya ce a hankali. "Na ɗauka ba su fara ba ne. Ashe abin da ake nema a wurinsu kawai kada su motsa."

Ya karkato kunnen nan mai ji wajena.

"Sun faɗi sunanta?"

Na so in yi masa ƙarya, Allah ya sani. Da kunnensa ɗaya ba zai taɓa ganewa ba. Amma an yi wa mutumin nan romon baka ya isa.

"Lamba suka faɗa."

Na sauka na fizgo jerin daga teburin Dakta Hermes, na dawo na zauna ta gefen kunnensa mai ji. Na karanta masa layin da ƙarfi: gadar da ke kan kogin Angico za a riƙa kiran ta Gadar Ungozoma Carmosina Alves da Luz. Ya ce in sake. Na sake. Sai ya dafa ginshiƙi ya miƙe, ya rungume hularsa a ƙirji, ya tsaya shiru. A ƙasa masu shara suna jan kujeru, ba wanda ya ɗaga kai. Na miƙe ni ma, tire a hannu, hawaye na zuba.

Da ya gama, ya ninke takardar ya sa a aljihun kwat. Na raka shi har bakin matakala, don motar ƙarfe huɗu ba ta jira.

"Yaushe za su dawo zama?"

"Sai Fabrairu. Amma ai naka ya ƙare, Baba. Ka ci nasara."

"Haka ne," ya ce. Ya sa hularsa, ya sauka taki biyu, sannan ya juyo. "To, Nete, ranar Talata ina zan je?"