Lambar da Ban Danna wa Kawu Ba

Jiya ina gyaran ɗakin Kawu, shekara guda da rasuwarsa, na tsinci 'yar takarda mai lambobi biyar a jakar rediyonsa. Irin rediyon nan ne na masu lasisi, da ake hira da mutanen nesa zaure-zaure, kowane zaure da lambarsa.

Bayan la'asar yakan zauna gindin darbejiya, bakinsa ja da goro, ya kara rediyon a kunne yana murmushi shi kaɗai.

Wata ranar kasuwar Tsanyawa, ina shirin tafiya mai nisa, ya tsayar da ni a ƙofar gida da takardar nan a hannunsa. "Sani, abokina na makaranta yana wannan zauren, amma ba a saka min shi ba. Sai an danna lambar da hannu, ni kuwa idona ba ya ganin maɓallan."

"Kawu, mota za ta tashi. Sai na dawo."

"To, Allah ya kai mu," ya ce, ya ninke takardar.

Ban dawo ba sai ranar jana'izarsa.

Jiya na danna lambar, ko minti ɗaya ban yi ba. Muryoyin dattawa suka fito tar, amma ban san wanne ne abokin ba, don ban tambayi sunansa ba.

Allah ya haskaka makwancin Kawu, ni kuma ya yafe mini.