Motar da aka ce ta tuba

Shekarun baya, lokacin da aka fara Shari'a a Zamfara, ina da rumfar rewaya, wato gyaran wutar mota, a tashar Kaura Namoda. Na yi makarantar koyon sana'a har aji biyu kafin in gudu, kuma da wannan aji biyun nake yi wa kowa kallon jahili. Har mitar gwada wuta gare ni, mai allura, ina rataye ta a wuya kamar likita.

Abokina direba ne, yana bin hanyar Kaura zuwa Shinkafi da tsohuwar mota mai dogon baya. Ya sayo amfilifaya da wufa, wato babbar sifikar nan mai sa ƙirji rawa, ya ce in haɗa masa. Na haɗa, na ɗaure komai a bayan mota, na shimfiɗa tabarmar roba a kai. Wata biyu tana tashi kamar gidan biki.

Sai ta fara wani hali. In an sa kaset ɗin wa'azi, malam zai yi ta magana tun daga Kaura har Shinkafi, ko tari babu. Amma da an sa kiɗa, makaɗi ya doka ganga sau uku, ɗif, ta ɗauke. A mayar da wa'azi, ta dawo.

Kun san tasha. Kafin azahar labari ya zagaye: mota ta tuba. Wani mai shayi ya rantse ƙarfe ma ya karɓi Shari'a, saura direbobi. Tsofaffi suka fara zaɓar motar don neman albarka. Abokina kuwa ransa ya ɓaci, don ba albarka ya saya ba.

Na canza fis, na sa wanda ya fi girma. Na canza batir. Na cire amfilifayar na kawo wata, ita ma ta tuba. Har takardar kwalin taba na naɗa a gurbin fis, abin da nake zagin wasu a kai. Da na rasa ta cewa, sai na fake da maganar mutane, na ce masa, "To, ko dai ishara ce?"

Ya dube ni ya ce, "Ishara a hannunka take. Shugaban tasha ya ce akwai wani rewaya daga Gusau da ke son rumfa. In Alhamis ta zo ba ka gyara ba, ni zan fara cewa a ba shi taka."

Rumfar nan ita ce tuwon gidana. Mahaifiyata ce ta ce in je Zurmi, akwai wani tsoho mai gyaran rediyo, sa'ar mahaifina. Na ce mata mai gyaran rediyon makiyaya ina shi ina amfilifaya. Ta ce, "Kai da ka sani ai ga ka nan zaune."

Ran Laraba muka tafi da abokina. Muka tarar da tsohon a gindin bishiyar bedi, kan buhu, da tsofaffin rediyo kewaye da shi. Kayan aikinsa wuƙa ce da sukuddireba ɗaya da ƙwan fitila mai waya biyu. Na fara zuba masa bayani ina haɗawa da Turanci. Ya bar ni na gama, sannan ya juya wurin abokina.

"Direba, mi kaka ɗauka ran kasuwas Shinkahi?"

"Mutane, Baba."

"Baya fa?"

"Awaki. Wani lokaci tumaki."

Ya gyaɗa kai. Ya ce a rufe gilasai, kada maƙwabta su ce ya buɗe gidan rawa da tsufansa, sannan a sa kiɗan. Ya zagaya baya, ya ɗaga tabarmar roba, ya sunkuya ya shinshina. Ni ina tsaye da mita a wuya, tsoho yana shinshinar mota. Ya kama baƙar wayar nan da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota don wuta ta samu hanyar komawa, ya riƙe. Aka doka ganga, ta ɗauke.

"Ɗana, taho ka taɓa."

Na taɓa. Wayar da zafi. Notin da na ɗaure ta da shi ya yi tsatsa, ya yi kore, gurin yana zarnin fitsari. Wata biyu awaki suna tsula fitsari a kai duk Alhamis, ranar kasuwa, yana bi ta ƙarƙashin tabarma yana taruwa daidai inda na ɗaure.

Na ce, "To Baba, me ya sa wa'azi ke yi?"

"Muryam malam kurɓi guda na wuta taka sha. Ganga ko saniya ce, da kwatarniya taka sha. Tsatsa ta toshe hanya, kurɓi na wucewa, kwatarniya ba ta wucewa. Ba tuba ta yi ba, ƙishi taka ji."

Ya kwance wayar, ya yanke bakin da ya ruɓe, ya nemi guri sama a gefen mota inda akuya ba ta kaiwa. Ya kankare fenti da wuƙa har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure tam, ya shafa giris. Ya zaro takardar tabata daga gurbin fis, ya danna mini a tafin hannu ya rufe da nasa, yadda abokina bai gani ba. Ya sa fis na gaske. Aka sa kiɗa, gilasai suka ɗauki rawa.

Abokina ya buɗe baki zai fara da ni, tsohon ya riga shi. "Wanga aiki na mai ilimi ne, dubi yadda yaj jera wayoyi. Awakinka ka tuhuma, ba shi ba."

Da muka koma Kaura, abokina ya gaya wa shugaban tasha cewa ni da wani tsoho muka gano matsalar. Ban gyara masa zancen ba. Bayan mako guda ma tsohon ya fita daga labarin, saura ni kaɗai. Rumfa ta zauna, aiki ya ƙaru. Tsofaffin fasinja ne kawai suka ji haushi, suka ce mota ta koma ruwa.

Na yi ta cewa zan koma Zurmi da goro. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, na shekara huɗu ina shirinta, har mahaifiyata ta gaya mini ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Na ga masu takarda iri-iri a sana'ar nan, da yawansu in sun gano kuskurenka sai sun tara jama'a kafin su faɗa. Ni ma haka nake, ba zan yi muku ƙarya ba. Mutum ɗaya na sani da ya kama ni dumu-dumu ya rufe hannuna a kan abin kunyata.

Mitar nan ta daɗe da lalacewa. Amma har yau, duk motar da aka kawo mini sauti na ɗaukewa, kafin in taɓa waya sai na ɗaga tabarma na sunkuya na shinshina. Masu motar suna dariya, suna tambaya wace makaranta aka koya mini haka. Ina ce musu ta Zurmi.