Gidan da Yaya Ya Nema wa Goggo a Bakin Teku

Muna sallame sallar asuba muka bar Barking, gari bai waye ba, sanyi na cizon yatsu. Mu huɗu ne a motar. Yaya ne ke tuƙi, kusa da shi wani magini ɗan Gana daga Tottenham da ya kwana a falonmu don kada ya makara, ni da Goggo a baya. Ku da kuke ta tambayata ina na shiga ranar Asabar, ga amsa, kada a sake tambayata.

Goggo ƙanwar mahaifina ce, wurinta nake zaune tun da na gama sakandare na zo London. Yaya ɗanta ne, likita a Marylebone. Ya samo wani tsohon gida da ake sayarwa a bakin teku a Kent, yana so ya saya, ya gyara shi ya koma gidan alfarma, ya kwashe Goggo daga gidan council, wato na hayar ƙaramar hukuma, da take ciki tun mijinta na da rai. Ya ce iskar teku za ta yi wa ƙirjinta kyau. In ta ce to, zai sa hannu, ita kuma ta mayar wa council makullinsu. Gidan council kuwa in ka sake shi, ya tafi ke nan.

Ta ramin Dartford muka bi, wanda ya ratsa ƙarƙashin kogi. Sai an biya ake wucewa. Goggo ta rufe ido tana salati har muka fito, sannan ta tambaya ko babu gada ne a ƙasar nan. Bayan nan hanya sumul. Gefe da gefe manyan bishiyoyi ne a kwance, saiwa a sama, tun guguwar bara ba a gama kwashe su ba. Tumaki kuwa fal a fili, ba makiyayi. Maginin ya ce a irin gonakin nan yake sayen ragon layya, wai Baturen mai gonar har ya iya cewa "Salla." Mun tsaya shan shayi a wani wurin hutawar matafiya. Kofi ɗaya ya kusa kuɗin burodi biyu a unguwarmu, kuma ruwan zafi ne aka nuna wa ganye. Goggo ba ta sha ba. Tana rungume da kwanoni biyu na dambun nama da cincin, an ɗaure da ɗankwali. Na miƙa hannu, ta buge. Ta ce ba namu ba ne.

Garin ƙarami ne, ƙarnin kifi ko'ina. Lokacin masu yawon shan iska ya wuce, rabin kantunan a rufe. Tsofaffi ne jere a kan benci, bargo a gwiwa, sun zuba wa ruwa ido kamar masu jiran mota. Tekun ba shuɗi ba ne kamar na kalanda. Launin ruwan wanki gare shi. Tsuntsayen wurin manya ne, ga rashin kunya, ɗaya ya fizge soyayyen dankali daga hannun maginin yana tsaka da magana.

Gidan yana kan tudu, fari, hawa uku, da baranda ta gilashi tana kallon ruwa. Dillalin ya tarye mu a ƙofa, wani saurayi mai siririn nektayi da saurin baki. Ya ce wani mai jiragen ruwa ne ya gina shi fiye da shekara ɗari. Daga nesa gida ne na gaske. Da muka shiga sai warin danshi. A saman bene bokitai ne jere suna tare ɗigo, don guguwa ta yaye rufin. Silin an yi masa zanen furanni da farar ƙasa, rabi ya zubo. Maginin ya zaro wuƙa ya soka a katakon taga, ta shige kamar a dafaffen rogo. Ya ce gishirin teku ya cinye komai, aikin zai kai shekara.

Yaya bai ji ko ɗar ba. Yana tafe yana nunawa: nan marmara, nan bututun ɗumama ɗaki, nan lif saboda gwiwar Hajiya, nan ɗakin salla, banɗaki kuma a sa famfo ƙasa-ƙasa don alwala. Na daɗe ban ga fuskarsa haka ba. Goggo ta tambayi inda za a ja katanga. Dillali ya ce babu, gida ne mai tarihi, council ba ta yarda a canja ko taga ɗaya ba. Wato duk mai wucewa da karensa zai ga abin da kake ci.

Goggo ba ta hau bene ba. Ta ɗauki kwanoninta ta ce in biyo ta, za ta gaida maƙwabta. Na ce, "Goggo, ba a ma sayi gidan ba." Ta ce ai shi ya sa.

Gidan hagu a rufe yake ruf, ciyawa ta kai gwiwa. Daga baya dillali ya ce masu shi sai da zafi suke zuwa. A na dama muka danna ƙararrawa, kare ya yi ta haushi. Can wani mutum ya buɗe ƙofa da sarƙa a jiki, ya dubi kwanon, ya ce ba ya saye, ya gode. Kafin in buɗe baki ya rufe. Ni da na so in ƙara dannawa in gaya masa magana, Goggo ta ja mayafina.

Muka koma, muka tarar da mai gidan da ake sayarwa a kicin. Tsohuwa ce siririya, da sanda. Duk girman gidan nan a kicin take zaune, har gadonta an sauko mata da shi. Goggo ta ja kujera ta zauna gabanta. Yaya ya matso zai yi tafinta, ta ɗaga masa hannu, ta nuna ni.

"Likita, je ka auna bangonka. Kai gyara magana kake yi. Wannan ba ta iya ba, ita nake so."

Bai tafi ba, ya tsaya bakin ƙofa. Goggo ta sa na tambayi matar sunan maƙwabcinta. Ta yi tunani, ta ce ta san sunan karen. Ta sa na tambaye ta me ya sa take sayar da gida mai kyau haka. Matar ta yi dariya. Ta ce da sanyin bara ta zame a matakala, ƙugu ya karye. Ta wuni ta kwana a ƙasa tana kira, teku ya fi ta murya. Mai kawo madara ne ya ga kwalabe sun taru a ƙofa, ya leƙa ta ramin wasiƙa. 'Yarta tana Ostareliya. Ita gidan kula da tsofaffi za ta koma. Ba kuka, ba ƙorafi, kamar tana ba da labarin wata. Na juya shi Hausa yadda ta faɗa, ban rage ba, ban ƙara ba.

Goggo ta kwance ɗankwalin, ta ajiye mata kwanonin duka biyu. Matar ta ɗanɗana dambun, yaji ya sa ta tari, ta ƙara ɗiba.

A barandar gilashi aka ƙare maganar. Yaya ya ce, "Hajiya, ai ba haka za ki zauna ba. Waya zan sa a kowane ɗaki. Nas zan ɗauka, na ma yi booking ɗin wadda za a gani."

Goggo ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Nas ɗin ce za ta yi mini wanka ta suturta ni? Ko kai za ka taso daga Marylebone ka tara mini mutum arba'in su sallace ni a garin nan?"

Ya juya yana kallon ruwa. Tun yana makaranta yake cewa zai fitar da ita daga gidan council, kowa a dangi ya sani. Da ya juyo sai ya ce wa dillali zai saya duk da haka, ya gyara, ya sayar wa wani mai kuɗin da ke son kallon teku. Maginin ya sauke ajiyar zuciya, aikinsa bai tashi ba.

Muka kamo hanyar dawowa. Cunkoso ya riƙe mu a bakin rami, ba mu iso Barking ba sai bayan magariba. Layinmu dai kamar kullum: gidaje manne da juna, ƙarar jirgin ƙasa, ƙamshin albasar gida uku a haɗe.

A kan dakalin ƙofarmu muka tarar da matar gidan da ke kallon namu, 'yar Gana, cikin rigar sanyi, ta cika ta yi fam. Ko gaisuwa babu, ta dirar mana da Hausarsu ta Gana.

"Hajiya, ka tafi ina tun safe? Labule bai buɗe ba, na buga ƙofa, na buga, shiru! Saura kaɗan in kira polis su fasa. Kai kuma likita, ka ɗauki tsohuwa ba ka gaya wa kowa ba?"

Yaya ya tsaya da makullin mota a hannu, ya sha faɗan har ƙarshe. Sannan ya ce ta yi haƙuri, ba zai sake ba.

Abin da na gani a tafiyar nan ba shi da yawa. Teku ya fi kyau a hoto. Tsohon gida cin kuɗi yake kamar mara lafiya. Wanda zai je Kent ya tafi da shayinsa. Gidan can zai yi kyau in an gama, ba na musu, kuma wani zai biya maƙudan kuɗi ya shiga. Ina yi masa fatan mai madara mai lura.