Gerda Pinkus da Wasiƙun Maigida

Gerda Pinkus ta iso Haifa daga Breslau ne bisa sawun maigidanta na wurin aiki, Emil Aronheim, wani Bayahude da ya yi suna wajen zanen gine-gine tun suna Jamus. Ita ce ke fitar masa da zane a kan takarda. Da yaƙin Hitler ya yi zafi, sai ya tattara iyalinsa ya wuce Amurka, ya bar mata ginin wani ɗakin karatu a kan dutsen Karmel, ko rufi ba a kai ba.

Daga nan komai ya koma wasiƙa. Tasa kan zo a buge da tafireta, ba gaisuwa mai tsawo: a rage faɗin matakala, kada a yarda da dutse mai ja, a turo masa hoton tagogin yamma. Ita kuma ta amsa dalla-dalla, ta zagaya wurin birkiloli da takardar a hannu.

Mendel, mai rabon wasiƙun unguwar, ba ya wucewa bai tsokane ta ba.

"Malama Pinkus, ga saƙon angonki."

"Angon da ba ya tambayar lafiyar kowa sai ta siminti? Miƙo nan, ka yi gaba."

Abin da Mendel ba ya taɓawa da wasa shi ne wasiƙun Breslau. Yayarta Ilse na can, kuma tun shekara ta biyu da fara yaƙi saƙonta ya ɗauke. Ranar Asabar, ranar hutun Yahudawa, idan gari ya yi tsit kowa na cikin danginsa, Gerda kan ci burodinta da zaitun a tsaye, ta koma kan teburin zane.

Sau ɗaya ta karya ƙa'ida. A ƙarshen bayani kan rufi ta ƙara layi guda: "Maigida, har yau ban ji daga yayata ba." Tana jefa ambulan ɗin a akwatin gidan waya kunya ta kama ta.

Amsa ta ɗauki watanni. Shafi biyu cur a kan magudanar ruwan sama. Can ƙasa, da alƙalami, ya rubuta: "Ni ma ƙanena shiru. Ki ci abinci, Gerda." Bai taɓa kiran ta da sunanta ba sai ranar, bai kuma sake ba.

Ilse ba ta tsira daga kisan da aka yi wa Yahudawa ba. Bayan yaƙi aka tabbatar mata. Aronheim ya rasu a Amurka bai sake taka ginin da ƙafarsa ba, matarsa ce ta aiko da labari. Ranar buɗe ɗakin karatun aka yi ta jawabi da sunansa, Gerda na tsaye a baya kusa da birkiloli.

Ta kama aiki a ofishin tsara gari har ƙarfinta ya ƙare. Ba ta yi aure ba. A tsufanta, maƙwabta sun san ta da tsayawa a bakin hanya duk inda ake sabon gini, tana dogare da sanda, tana kallon yadda ake jera dutse.