Enid Scrimshaw da Fim ɗin Mai Tallan Katifa

Enid Scrimshaw mace ce mai tambaya. Tun tana yarinya a Grimsby ta ƙasar Ingila, inda ubanta yake fita kamun kifi a teku, ba ta ganin abu ta wuce sai ta ji yadda aka yi shi. Ta taɓa kwance agogon bangon uwarta don ta ga abin da yake ƙara a ciki, ta sha duka, agogon kuma bai sake tafiya ba. Da ta girma ta yi shekaru tana feɗe kifi a kamfani, har ta auri Wilf, wani mutum shiru-shiru mai jakuna a Mablethorpe. Sana'arsa ɗora yaran masu hutu a kan jakunan, ya zaga da su bakin teku. Suka sayi wani tsohon gida suka mayar da shi masaukin baƙi. Lokacin zafi gidan kan cika da iyalan masu haƙar kwal, ita kuma tana kicin tana soya ƙwai da wake. Da sanyi ya shigo sai garin ya mutu murus, ba abin da ake ji sai iska da kukan tsuntsayen teku.

A irin wannan lokacin ne, cikin Nuwamban 1975, wani mutum mai rigar fatar tumaki ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ya ce sunansa Lionel Tapp, daga London yake, yana neman gidan da zai sauke mutanensa, ya kuma ɗauki fim a ciki.

"Fim ɗin barkwanci ne, Misis Scrimshaw," in ji shi. "Da ɗan... kin dai gane."

"Ban gane ba. Da ɗan me?"

Ya yi gyaran murya. "Da ɗan tuɓe-tuɓe."

"Wa zai tuɓe? A wannan sanyin?"

Da Wilf ya dawo daga garken jakuna ta faɗa masa. Ya daɗe yana juya cokali a kofin shayi kafin ya ce, "Mutanen coci fa?"

"Mutanen coci suna gidajensu. Ni tun da nake ban taɓa ganin yadda ake yin fim ba, kuma ba na jin za a sake kawo mini shi har ƙofa."

Haka aka yi. Labarin fim ɗin bai taka kara ya karya ba. Wani saurayi ne yake bin gidajen bakin teku yana tallan katifa. Duk gidan da ya shiga sai matar gidan ta ce sai an gwada katifar, ana cikin haka mijin ya dawo, saurayin ya tsere ta taga ba wando. Shi ke nan. Enid ta karɓi takardun labarin ta karanta tas, ta juya bayansu ko akwai saura.

Wanda zai fito a saurayin, Desmond Farthing, ya haura arba'in. Gashin kansa na saye ne, tumbinsa kuma ɗaure shi ake yi da wani ƙyalle kafin ya sa riga. Ciwon baya ya dame shi, kullum da yamma sai ya roƙi arziƙin waya ya gaida tsohuwarsa. Matan gidajen kuwa, uku daga cikinsu mutum ɗaya ce, wata yarinya 'yar Wales mai suna Glenys Pugh. A sauya mata gashi ta zama matar mahauci, a sake sauyawa ta zama nas, a sake ta zama bazawara. In ba a ɗaukarta, tana gefe cikin bargo tana saƙa safa.

Enid ta bar girki ya koma hannun Wilf, ta tare a bakin ƙofar ɗaki na sama inda ake aikin. Ta dami mai kyamara da tambaya har ya fara ba ta leƙawa ta cikin gilashin don ya samu lafiya. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne yadda abin da aka ce na sha'awa ne ba shi da ko ɗigon sha'awa. Maza sun cika ɗaki cikin rigunan sanyi, wani yana cin burodi, wani yana riƙe da fitilar gefen gadonta don tasu ta ƙone. Lionel yana ta ihu. Desmond yana kwance yana cewa a yi a hankali da ƙugunsa. Ita kuwa Glenys, kafin a ce a fara sai a ba ta ƙanƙara ta tsotsa, don kada tururin bakinta ya fito a hoto a gane ba lokacin zafi ba ne.

Ran nan Enid ta kai mata miya mai zafi, ta zauna kusa da ita.

"'Yar nan, in tambaye ki mana. Ba kya jin kunya?"

"Kunya? Sanyi nake ji, Mama. Kunyar sai na koma London na ɗumama."

"Uwarki ta sani?"

"Ta san na fito a nas. Har ta faɗa wa maƙwabta."

Suka yi dariya. Glenys ta ce ita wasan dandamali ta koya, amma shekara guda ba wanda ya kira ta sai Lionel. Ta ce rabin maganganun ban dariyar da Desmond yake yi ita take raɗa masa, don waɗanda aka rubuta tun zamanin kakanta ake yin su.

Ita ma Enid an ba ta nata wurin fitowa a fim ɗin. Ta buɗe ƙofa, ta ga abin da ake yi, ta ce, "A gidana?" Sau ɗaya ta yi Lionel ya ce ya isa, ba don ya yi kyau ba, sai don fim ɗin da ake ɗauka a kai ya kusa ƙarewa. Haka kuma ranar da gadon ya karye da gaske, Desmond da Glenys suka zube ƙasa, Lionel ya hana a tsaya. Ya ce wannan kyauta ce daga sama.

Karyewar gadon ce ta ƙarasa bayan Desmond. Ga shi saura wuri guda, wanda shi ne ƙarshen fim ɗin: mai katifa ya fito da gudu daga shi sai gajeren wando, ya haye jaki, ya bi bakin teku, mazan gari suna bin sa. An yi da Wilf zai ba da aron jakarsa Primrose. Desmond ko miƙewa ba ya iya yi. Aka gwada mai riƙe fitila, jakar ta kafe. Aka gwada direba, ta yar da shi a yashi. Primrose ba ta san kowa ba sai mai ita.

Lionel ya dubi Wilf daga sama har ƙasa. "Ta baya za mu ɗauka. Ba wanda zai gane ka."

Wilf ya dubi matarsa. Enid ta san ya kamata ta ce a'a. Amma shekara ashirin da wani abu tana zaune da mutumin nan, ko rigarsa bai taɓa cirewa a bakin teku ba, sai ta ji tana son ta ga abin da zai yi.

"Kai ka sani," ta ce.

Ya cire hula ya miƙa mata, ya shiga bayan mota. Da ya fito, gashin Desmond a kansa, ƙafafu farare fat kamar sandar rake da aka fere, sai ya ruga. Ya daka tsalle ya haye Primrose, ita kuma ta zabura kamar ba ita ce take tafiyar hawainiya da yara ba. Har suka ɓace bai waiwayo ba. Da ya dawo leɓɓansa sun yi shuɗi, abin da ya ce kawai shi ne, "A ba ta ruwa."

Sai da shekara ta zagayo fim ɗin ya fito. Ba a kawo shi Mablethorpe ba. Enid ta ja ƙawarta Muriel Odling suka hau bas zuwa Grimsby, suka shiga silima kallon rana. Muriel ta ja ɗankwali har hanci. A cikin silimar ba mace sai su biyu. Maza ne jefi-jefi, kowa ya bar kujeru tsakaninsa da na kusa, kowa ya tayar da wuyar riga.

Enid ta kalli fim ɗin yadda take duba kifi a kasuwa. Ta ga sandar ɗaukar magana ta leƙo daga sama. Ta ga an shiga ɗaki da rana an fito ana yayyafi. Ta ga tsikar jikin Glenys a tashe, ana kiɗan hutu a kai. Da aka zo wurinta, ta buɗe ƙofa, sai ta ji wata murya siririya ta matan London, a maimakon tata, ta ce, "A gidana?"

"Wannan ba ni ba ce!" ta faɗa da ƙarfi.

"Don Allah rufa mana asiri," in ji Muriel.

Ba wanda ya yi dariya sai da gadon ya karye, nan wani ya yi ƙus-ƙus ya haɗiye. Amma da Primrose ta fito da Wilf a bayanta, ƙafafunsa suna reto, sai silimar ta ɓarke. Mutanen da suka shigo suna ɓoye fuska suka manta, har da mai buga kujera. Muriel ta yi dariya har ɗankwalin ya zame.

A bas ɗin komawa Muriel ta ce, "To, ya kika gani? Ni dai shirme na gani."

"Shirme ne," in ji Enid. "Barkwanci ɗaya suka yi ta maimaitawa. Kuma sun mayar da yarinyar nan sakarya har sau uku, alhali duk cikinsu ba mai kanta. Wannan ya ba ni haushi. Amma kin ga fuskar Desmond duk lokacin da miji ya taɓa ƙofa? Mutumin nan ya iya tsoro."

Can ta ce, "Abin da ban gane ba, Muriel, duk fim ɗin ba wanda ya samu abin da ya zo nema. Matan suna bi, shi yana gudu. To waɗancan da suka saya tikiti suka ɓoye fuska, me suka zo gani? Mutum yana gudu?"

"Ke kika sani. Ni kada ki ce na zo."

Zancen cewa ba wanda zai gane Wilf bai yi mako ba. Duk garin an san Primrose, an kuma san ba mai hawanta sai mutum ɗaya. Ya shiga mashaya sai wani ya ce, "A'a, ga mai katifa! Yau ka tuna da wando?" Wilf ya karɓi kofinsa ya zauna. Ya ce da mai tsokanar, "Kai a ina ka gani? Na ji ba a kawo shi garin nan ba." Daga ranar aka rage. Matan coci sun ɗauke wa Enid gaisuwa na ɗan lokaci, har sai da aka zo bukin sayar da kek aka rasa mai gasa irin nata.

Wilf bai taɓa kallon fim ɗin ba. Sau ɗaya dai, suna wanke-wanke, ya tambaye ta ko Primrose ta yi kyau. Ta ce ta fi kowa. Ya gyaɗa kai.

Lionel Tapp ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Glenys ta bar fim, ta koma garinsu tana koyar da yara wasan kwaikwayo, kuma ba ta fasa aiko da katin Kirsimeti ba. Masu hutu suka fara tafiya ƙasar Sifen, baƙi suka ja baya. Bayan rasuwar Wilf, Enid ta ba da jakunan ga wani manomi, ta sayar da gidan, daga baya ƙafa ta gaza ta koma gidan kula da tsofaffi a Louth.

A can ne jikarta ta samo mata kaset ɗin fim ɗin a wata kasuwar gwanjo. Wata Laraba da rana Enid ta sa aka tara tsofaffi a falo, ta ce za ta nuna musu gidanta na da. Ana zuwa wurin matar mahauci shugabar gidan ta shigo, ta ga abin da ke akwatin talabijin, ta kashe.

"Misis Scrimshaw! Wannan bai dace da mutanen nan ba."

Wata tsohuwa mai shekara casa'in ta buga sandarta a ƙasa. "Yarinya, 'ya'ya tara na haifa. Kunna mana."

Sauran suka goya mata baya, har wani tsoho da ba a cika jin muryarsa ba ya ce shi yana son ya ga ko za a sayi katifar. Shugabar ta kunna, ta tsaya a bakin ƙofa da hannu a ƙirji, daga baya ta jawo kujera. Da aka gama aka yi ta musu har shayi ya huce, wasu na cewa ɓata lokaci ne, wasu na cewa a maimaita. Enid tana tsakiya tana tambayar kowa ɗaya bayan ɗaya wurin da ya fi ba shi dariya, da dalili. Ta rasu a farkon shekarar da ta biyo, aka binne ta a Mablethorpe kusa da mijinta.