Wayar da na sayar ta dawo a cikin hankici

Ina bakin teburina a unguwar Zaitawa ina feren rake, sai ga Malam Buba mai raguna, wanda na sayar wa tsohuwar wayata. Ya miƙo mini ita a naɗe cikin hankici.

Na ɗauka cinikin zai fasa.

Ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Data na saka, sai hotuna suka fara fitowa. Na iyalinka ne."

Ni kuwa na goge su kafin in sayar. Ashe muddin imel ɗina na ciki, komai dawowa yake yi. Har da hotunan matata na cikin ɗaki, ko mayafi babu.

Na ce, "Malam, duk ka gani?"

"Haba, ɗan samari! Ina ganin na farko na kife ta. Gidan da aka rubuta ba shiga, don na tarar da ƙofa a buɗe sai in faɗa? Cire abinka, na bar raguna a rana."

Ya juya baya yana kallon titi har na cire.

Da hannun wani ta faɗa, da yanzu hoton matata na yawo a wayoyin mutane. Jama'a, wa kuka taɓa gani da irin wannan amana?