Jan Kuros a Bangon Kawu

Kawuna mai fenti ne, yayan mamata, kuma a gidansa na tashi. In ka ga bango mai kyau a layinmu, to hannunsa ne. Matsalarsa ɗaya, tsirfa. Ko yanka shi za a yi ba ya shafa fenti a kan datti. Sai ya kankare bango, ya toshe ramuka da siminti, ya jira ya bushe. Masu gida su yi ta masifa, shi ko a jikinsa.

Bara ruwa ya ci mu. Ya shigo har ƙirji, ya kwashe katifu da kaji da keken ɗinkin Inna, matar Kawu, ya bar tabon laka a bangon kowa. Gwamnati ta ce yanayi ya canja, ruwan nan zai riƙa dawowa, don haka duk gidan da ke kan hanyarsa rushewa za a yi, a faɗaɗa magudana. Masu gidajen wai za a kai su sababbi a kan tudu, can bayan gari inda ko mai shayi babu.

Sai ga wani injiniya mai hular kwano yana neman mai sa alama a gidajen da za a rushe. Kawu ya karɓa. Na ce kar ya yi, ya ce bakina ya fi ni girma. A tunaninsa in yana cikin masu aikin za su tsallake namu. Injiniyan fa bai taɓa faɗa masa haka ba. Murmushi kawai ya yi masa, Kawu ya ɗauka alkawari ne.

Haka ya bi layi da gwangwanin jan fenti, injiniya na nunawa, shi yana zana kuros. Mai kanti ya daina amsa gaisuwarsa. Matar tela ta watsa masa ruwan wanke-wanke a ƙafa. Yara suka raɗa masa Mala'ikan Mutuwa, ni ma har ga Allah ranar farko sai da na yi dariya. Abokinsa na ƙuruciya, mai gyaran rediyo, ya harɗe hannu a ƙofarsa ya ce tunda ƙwararre aka turo, a daure kar nasa ya karkace.

Ranar da suka iso ƙofarmu ina shanya. Injiniya ya nuna bangon, bai ma san gidan waye ba.

"Yallaɓai, nan nawa ne," in ji Kawu.

"Ayya, sannu Baba. Amma yana cikin waɗanda za a rushe."

Da ni ce, wallahi a rigarsa zan juye gwangwanin. Kawu kuwa sai ya ce a ba shi zuwa jibi, bangon bai shirya ba. Ya kankare tabon lakar nan tas, ya toshe tsaga, ya shafa fari. Inna tana kuka tana zaginsa, wai gidan da za a rushe yake wa kwalliya. Da ya bushe ya ɗauko igiya ya auna, ya zana kuros ɗinsa. Duk layin babu mai kyansa, har direban katafilar da ya zo rushewa sai da ya tambayi wanda ya yi.

Yanzu muna kan tudu. Gidajen da fentinsu aka ba mu, duk launi ɗaya, an kuma hana canjawa. Maƙwabtan dai su ne, har yau ba mai gaishe shi. Yana wuni a bakin ƙofa, burushinsa ya sandare a gwangwani. Na saya masa kananzir ya wanke, bai taɓa kwalbar ba.